Zaftarewar Dusar Ƙanƙara a Tsaunukan Alps Lokacin Bazara: Tambayoyi da Amsoshi

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da sanyin Turai ya fara sassautawa, nan ne jama'a ke tururuwa zuwa tsaunukan Alps na Suwizalan da Faransa da Italiya da Ostiriya, wasu da allunan zamiya, wasu a ƙafa. Da yawa suna barin filayen da ake gyarawa ana tsaronsu, su kutsa can ciki inda babu mai gadi sai Allah. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin shiga ke yawan yi, musamman wanda ya zo karatu ko aiki, abokai suka ce ya zo a hau dutse ƙarshen mako.

1. Me ke sa dusar ƙanƙara ta zaftare tun farko?

Dusar da ke kwance a kan tsauni ba abu guda ba ce. Kowace zuba tana barin shimfiɗarta, iska ta daddaɓe wata, rana ta narkar da wata, sanyi ya sauya ƙwayoyin wata, har a wayi gari akwai hawa-hawa, mai ƙarfi a kan mai rauni. Idan shimfiɗa mai rauni da ke ƙasa ta karye, wadda ke samanta sai ta ɓalle falle guda, ta sulale gaba ɗaya. Irin wannan ce ta fi kashe mutane, domin yawanci tsagewar tana faruwa ne sama da inda mutum yake tsaye, ya tsinci kansa a tsakiyar abin da ke tafiya. Akwai kuma wadda ke farawa daga ɗan wuri guda, tana gangarowa tana faɗi tana kwasar abin da ke gabanta.

Abu biyu ya kamata a riƙe. Na farko, yawancin zaftarewar falle na tashi ne a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45. Na biyu, a kusan kashi 90 cikin 100 na haɗurran da ake rasa rai a cikinsu, wanda abin ya rutsa da shi ko wani a ayarinsa ne ya tayar da ita da nauyin jikinsa. Ihu ko ɗaga murya ba ya tayar da ita, duk da yawan faɗin haka da ake yi.

2. Tunda hunturu ya wuce, ba haɗarin ya ragu ke nan ba?

Ya ragu a wasu sa'o'i, ya ƙaru a wasu. A tsakiyar hunturu haɗarin yakan bi kwanaki: an yi zuba mai yawa, a jira kwana biyu ko uku. A bazara kuwa agogo yake bi. Gangaren da mutum ya taka da asuba ya ji shi ƙam, yana iya komawa tarkon mutuwa kafin azahar, ba tare da ko ƙwaya ɗaya ta sauko daga sama ba.

Dalili shi ne ruwa. Rana ta yi sama, yini ya yi tsawo, saman dusar ya fara narkewa, ruwan ya riƙa tsatsafowa ƙasa. Sa'ad da dusar ta ɗumama tun daga sama har ƙasa ta kai digiri sifili, babu sauran sanyin da zai tare ruwan a hanya, sai ya ratsa ya narkar da ɗan abin da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya. Wanda ya taɓa ganin katangar laka a watan Agusta ya san yadda abin yake: tana tsaye tana shan ruwa babu alamar komai, ranar da laima ta kai gindi sai ta zube a lokaci guda. Jiƙaƙƙiyar dusa ba ta kai busasshiya gudu ba, amma ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Tana tumɓuke itatuwa, ta kwaso duwatsu da ƙasa, kuma sau da yawa ba ta jiran kowa ya taka ta, da kanta take tashi.

3. Me ya sa jagorori ke yawan tambayar yadda daren jiya ya kasance?

Saboda dare ne ke gyara abin da rana ta ɓata. Idan sama ta yi tas, babu gajimare, dusar tana sakin ɗuminta zuwa sararin sama, samanta ya daskare ya yi ɓawo mai kauri. Wannan ɓawon shi ne jarin matafiyi. Muddin yana ɗaukar nauyin mutum, jiƙaƙƙiyar zaftarewa ba ta cika tasowa ba. Abin mamaki, a daren da sama ta washe kuma iska ba ta da laima, dusar tana iya daskarewa ko da ma'aunin zafin iska ya ɗan haura sifili.

Idan kuwa gajimare ya lulluɓe, ɗumin ba ya samun mafita. Sai gari ya waye dusar tana nan luɓus yadda aka bar ta jiya, ko ta yi ɗan siririn ɓawon yaudara da zai narke cikin sa'a guda. Dare biyu ko uku a jere babu daskarewa, wannan kam lokacin fasa tafiya ne, ba lokacin gaggautawa ba. Mafi muni shi ne ruwan sama ya sauka a kan dusar, domin abin da rana za ta yi cikin kwanaki shi yakan yi shi cikin sa'o'i. Haka iskar nan mai ɗumi da ake kira Föhn, wadda ke gangarowa daga kan tsaunuka, takan hana dare yin aikinsa.

Don haka a hasashen yanayi, ba zafin rana kaɗai ake dubawa ba. A duba ko daren zai washe, a kuma duba tsayin da layin digiri sifili zai kai. In aka ce ya haura mita 3,000, to har can sama za a jiƙe.

4. To ƙarfe nawa ya kamata a tashi, ƙarfe nawa a dawo?

Babu ƙarfe guda da ya dace da kowane gangare, amma a ɗakunan kwanan mahaya na kan tsauni za ka ga ana karyawa tun cikin duhu, a fita da fitilar goshi, da yawa kuma sun koma inuwa kafin tsakar rana. Masu bin shahararriyar hanyar nan ta Haute Route daga garin Chamonix na Faransa zuwa garin Zermatt na Suwizalan, wadda aka fi bi a Maris da Afrilu, haka suke yi kullum.

Lissafin ana yin sa ne da fuskar gangare. Mai kallon gabas shi ke fara shan rana, shi ke fara lalacewa. Sai mai kallon kudu, sai na yamma da rana ta karkata. Mai kallon arewa yakan daɗe da sanyinsa, wani lokaci har cikin Mayu a wurare masu tsayi, amma ranar da ruwa ya fara ratsa shi yakan saki manyan zaftarewa (duba tambaya ta 8). Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya lissafa lokacin isa ƙololuwa ya manta da hanyar dawowa. Gangaren ƙarshe, na ƙasa kusa da inda aka ajiye mota, shi ya fi ɗumi, kuma shi za a ratsa a makare. Daga can ake fara lissafi a dawo baya. In ya nuna sai an tashi ƙarfe huɗu na asuba, to huɗun ce.

5. Waɗanne alamomi zan gani da idona in san lokaci ya ƙure?

Ƙafarka ce ma'auni na farko. Sauka daga allunan ka taka da takalmi. In saman ya ɗan yi laushi kaurin yatsa biyu ko uku amma ƙasa na da tauri, lafiya lau, wannan ma shi ne abin da masu zamiya ke nema. In ka nutse har idon sawu ya wuce, ɓawon ya kusa ƙarewa. In ka kai ƙwauri ko gwiwa cikin jiƙaƙƙiyar dusa, ka riga ka makara. Damƙi dusar ka matse a hannu: in ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsu, labari ya ƙare.

Ɗaga kai kuma ka duba sama. Za ka ga ƙananan curi suna gangarowa daga gindin duwatsu, suna nannaɗewa suna girma, suna barin sawu a bayansu. Duwatsu baƙaƙe ne, suna shan zafi, shi ya sa narkewa ke farawa a gefensu. Za ka ji tsakuwa na faɗowa, ka ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin dusar. Babbar alama ita ce sabuwar zaftarewa a gangaren da ya yi daidai da naka a fuska da tsayi. Bayan wannan babu sauran muhawara.

6. Ina ake samun sanarwar haɗari, kuma yaya ake karanta ta?

A Suwizalan cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos ce ke fitarwa, aikin da take yi tun 1945. A lokacin sanyi tana sabuntawa da ƙarfe biyar na yamma da kuma takwas na safe, a shafinta da manhajar White Risk. A Faransa hukumar yanayi ta Météo-France ce ke yi. Ƙasashen Turai sun haɗu a kan ma'auni guda tun 1993, mai mataki biyar: 1 kaɗan, 2 matsakaici, 3 mai yawa, 4 babba, 5 mafi tsanani, daga kore zuwa rawaya, ruwan lemo, sai ja.

Kada a tsaya a kan lambar. Sanarwar tana faɗin irin matsalar da ake fama da ita cikin biyar da aka ware, wato sabuwar dusa, wadda iska ta tara, tsohon rauni a ciki, jiƙaƙƙiyar dusa, da mai sulalewa a kan ƙasa. Tana kuma faɗin daga wane tsayi da wace fuska abin ya fi muni. A bazara SLF takan fitar da taswira biyu a rana guda, ɗaya ta busasshiyar zaftarewa, ɗaya ta jiƙaƙƙiya da ke ƙaruwa da hantsi. Wanda ya kalli ta safe ya ga kore ya rufe waya, rabin labari ya karanta.

7. Idan an ce mataki na 2 ko na 3 ne, ai da sauƙi ko?

A nan ne mutane suka fi mutuwa. A ƙididdigar Suwizalan, kusan rabin waɗanda suka rasa rayukansu a mataki na 3 ne, kusan kashi 30 cikin 100 kuma a mataki na 2. Ba don sun fi na 4 da na 5 haɗari ba, sai don a ranakun mataki na 4 da na 5 kowa na tsoro ya zauna gida. Mataki na 5 na irin bala'in da ya afka wa ƙauyen Galtür na Ostiriya ne ranar 23 ga Fabrairun 1999, inda mutum 31 suka rasu a cikin gari. Mataki na 3 kuwa yakan zo da rana mai haske da gangare mai ban sha'awa.

8. An ce akwai tsohon rauni da ke kwance tun farkon hunturu. Bai warke ba har yanzu?

Ba lallai ba. A farkon hunturu, in dusar ba ta da kauri kuma aka yi tsananin sanyi, ƙwayoyin da ke can ƙasa sukan rikiɗe su zama manya, garas-garas, ba sa manne wa juna. Zuba ta biyo baya ta binne su, su yi shiru watanni. Wannan ya fi yawa a kwaruruwan cikin Alps masu ƙarancin zuba, irin su sassan jihohin Valais da Graubünden na Suwizalan, kuma a gangaren arewa da rana ba ta kaiwa.

Ranar farko da ruwan narkewa ya isa wannan shimfiɗa, sai ta farka. Abin da ke samanta, mai yiwuwa dusar hunturu gaba ɗaya, ya ɓalle har ƙasa. Irin wannan tana da wuyar hasashe, ɓawon safe ma ba ya ba da cikakken tabbaci a kanta, domin ruwan da ya shiga jiya yana can yana aiki a ƙasa. In ka taka ka ji dusar ta yi "wum" ta ɗan zauna a ƙarƙashinka, ko ka ga tsaga ta harba gaba daga bakin allonka, rauni ne ya karye. Koma wurin da bai kai digiri 30 ba, wanda kuma babu gangare mai tsauri a samansa.

9. Idan aka yi sabuwar zuba a Afrilu fa?

Sai a koma dokokin hunturu, a ƙara da na bazara a kai. Ba ƙaramar zuba ake yi ba wani lokaci: a tsakiyar Afrilun 2025 dusa ta sauka a Valais har aka kasa shiga ko fita Zermatt. Sabuwar dusar takan kwanta a kan tsohon ɓawo mai santsi, iska ta tara ta bayan tudu. Sannan rana ta fito da ƙarfin bazara. Hantsin farko bayan zuba yana cikin mafi haɗarin lokuta, kuma shi ne lokacin da kowa ke rububin fita. Alherinsa ɗaya shi ne ɗumin yakan sa ta zauna da wuri fiye da a Janairu.

10. Gaskiya ne ƙurar Sahara tana shafar dusar Alps?

Gaskiya ne. Hamadar da ke turo hazo zuwa ƙasar Hausa lokacin hunturu ita ce ke tura ƙura arewa idan iskar kudu ta taso, ta tsallake Bahar Rum. A Fabrairun 2021 da Maris na 2022 sama ta yi ja a Faransa da Suwizalan, tsaunuka suka koma ruwan ƙasa. Sabuwar farar dusa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken rana. Da ƙura ta hau ta sai ta riƙa shan zafin, narkewa ta yi sauri, lokacin dawowar da aka lissafa a tambaya ta 4 ya matso. Ƙurar da ke sama kuma tana iya rage daskarewar dare. In aka haƙa rami a dusar daga baya, za a ga jan layin nan ɓaro-ɓaro a ciki, har masu bincike kan yi amfani da shi su gane ranar da shimfiɗa ta kwanta.

11. Na ga wata tsaga mai faɗi a gangare har ana hango ciyawa. Mece ce?

Alama ce cewa dusar gaba ɗayanta tana sulalewa a hankali a kan ƙasa, yawanci a kan kwantacciyar ciyawa ko falalen dutse mai santsi da laima ta jiƙa. Mutanen wurin suna kiran tsagar bakin kifi. Tana iya yin mako a buɗe, tana iya saki cikin minti guda, da rana ko da tsakar dare, cikin ɗumi ko sanyi. Mutum ba ya tayar da ita, bama-baman da ake jefawa don saukar da dusa ma ba su cika tasiri a kanta ba. Magani ɗaya ne, kada a daɗe a ƙarƙashinta, balle a zauna cin abinci.

Ɗan'uwanta a haɗari shi ne leɓen dusa da iska ke ginawa a kan ƙololuwa, ya zarto waje babu komai a ƙarƙashinsa. A bazara ya kai matuƙar girma, ɗumi kuma ya raunana shi. Yakan karye can baya da inda ido ke zato, har ya ɗauke wanda ya ɗauka a kan ƙasa yake tsaye. Faɗuwarsa kuma na iya tayar da raunin da aka ambata a tambaya ta 8.

12. Ni ba na zamiya, yawo kawai nake yi a ƙafa a kwari. Abin ya shafe ni?

Ya shafe ka, kuma masu irin tafiyarka sun fi shammatuwa. A Mayu kwari ya yi kore, furanni sun fito, amma mita 1,000 sama da kai hunturu bai tashi ba. Jiƙaƙƙiyar zaftarewa tana bin kwazazzabai ta sauko har inda babu ko ɗigon dusa. In hanyarka ta ratsa kwazazzabon da babu manyan itatuwa a cikinsa alhali gefe da gefe daji ne, tambayi kanka abin da ya share su. Ratsa da safe, ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa ɗaukar hoto. In hukuma ta rufe hanya, rufewar ba ado ba ce. Ka kuma yi hattara da tsohuwar dusar da ta rufe rafi, ruwa ya riga ya cinye ta ta ƙasa.

13. Wane kaya ne dole?

Uku ne, kuma kowa da nasa: na'urar da ake ratayawa a jiki ƙarƙashin riga, wadda da ita ake gano wanda dusa ta binne, mai aikawa da karɓar sigina a kan zango 457 kHz wanda duk kamfanoni suka yi tarayya a kai, sai doguwar sandar caka mai naɗewa, sai shebur na ƙarfe. Na roba ba ya iya taurin jiƙaƙƙiyar dusar da ta tsaya. Jakar baya mai kumbura tana rage yiwuwar binnewa, amma ba ta kare mutum daga bugun dutse ko itace, kuma in ya faɗa rami dusar ta biyo ta cika shi, ba ta da abin yi. A nisanta wayar salula da na'urar don kada ta rikita sigina. Kayan da ba a koyi aiki da su ba nauyi ne kawai a baya. Ƙungiyoyin mahaya tsauni da makarantun jagorori suna koyarwa kowace shekara, kuma a ganina sabon shiga ya fara da wannan kafin ya sayi komai.

14. Idan ta rufta da abokina, me zan fara yi?

Bi shi da ido har ta tsaya, ka riƙe wurin da ka gan shi na ƙarshe. Tabbatar wata ba ta biyo baya ba. Kowa ya juya na'urarsa zuwa nema. In kuna da yawa, mutum ɗaya ya kira 112, ko 1414 na jiragen ceto na Rega in a Suwizalan ne, sauran su shiga nema nan take. Kada a tafi neman taimako a bar shi. Waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa, amma bayan minti 35 sai kusan ɗaya cikin uku, domin yawanci shaƙewa ce ke kashewa. Jirgi mai saukar ungulu da wuya ya iso cikin wannan ɗan lokaci.

In na'ura ta kai ka kusa, caka sanda har ka ji jiki, ka bar ta a wurin. Kada ka haƙa daga sama kai tsaye, ka koma ƙasa da sandar ka shigo ta gefe, ana karɓa-karɓa domin haƙan ne ke cin lokaci. Fuska ake fara nema, a share baki da hanci. In ba ya numfashi a fara ba shi numfashi da danna ƙirji. A lulluɓe shi, a motsa shi a hankali saboda sanyi da karaya.

15. Yaushe za a ce lokacin zaftarewa ya wuce?

A tsaka-tsakin tsayi, sa'ad da dusar ta sha narkewa da daskarewa har ruwa ya buɗa wa kansa hanyoyin fita, ta zama tsohuwa mai tauri, haɗarin yakan ragu ƙwarai, yawanci wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Can sama da mita 3,500 kuwa babu watan da ba a yin zuba. Ranar 12 ga Yulin 2007 zaftarewa ta kashe sojojin Suwizalan shida a tsaunin Jungfrau, kuma a rana irin wannan a 2012 mahaya tara suka rasu a Mont Maudit da ke jikin Mont Blanc. A lokacin zafi SLF ba ta fitar da sanarwa kullum, sai in an yi zuba mai yawa, saboda haka wanda zai hau irin wannan tsayi ya kira ɗakin kwanan da zai sauka ya tambayi mai kula da shi yadda dusar ta kwana, da ranar da aka yi zuba ta ƙarshe.